Me ke kayar da daula mai ƙarfi?

Tambaya: Malam, a karatun tarihi nakan ga daula mai dukiya da runduna ta faɗi a hannun mutanen da ba su kai ta komai ba. Me ke jawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ce ta dami Ibn Khaldun, masanin da aka haifa a Tunis a 1332. A littafinsa Muƙaddima, wanda ya rubuta a 1377, ya kira abin da ke ɗaga al'umma "asabiyya". Kada ka ɗauke ta a matsayin ƙabilanci kawai. Riƙon juna yake nufi, inda mutum zai ji abin da ya taɓa ɗan'uwansa shi ya taɓa, har ya sayar da ransa a kai. Jini na haifar da ita, addini kuma na ƙara mata ƙarfi.

Dubi Murabiɗun. Makiyayan Sanhaja ne daga Sahara, wahala ta haɗa kansu, wa'azi ya ɗaure su. Suka gina birnin Marrakesh a Maroko wajen 1070, suka tsallaka Andalus, wato yankin Sifen da ke hannun Musulmi a lokacin, a 1086. Me ya kai su can? Halifancin Kurɗuba ya wargaje a 1031 zuwa ƙananan masarautu fiye da ashirin, sarakuna da yawa na biyan sarakunan Kirista na arewa kuɗi don a taya su yaƙar maƙwabtansu, har birnin Toledo ya faɗa hannun Kirista a 1085, sai aka nemi agajin Murabiɗun. Wannan babin na ci mini rai, domin ba ilmi ko dukiya Andalus ta rasa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su ma Murabiɗun ciwon ya kama su. Kakanni sun san yunwa da sansani, 'ya'ya suka tashi a fada, jikoki kuwa labarin kawai suka ji. Sarki kan nisanta waɗanda suka ɗora shi, ya ɗauki sojan haya, ya ƙara haraji don ya biya su, talaka ya daina ganin daular tasa ce. A 1147 Muwahhidun, wata sabuwar ƙungiyar wa'azi da ta sauko daga duwatsun Atlas, suka ƙwace Marrakesh.

Ibn Khaldun ya ƙiyasta wa daula zuriya uku, kimanin shekara 120. A nan nake ɗan saɓa masa. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta haura shekara 600, kuma a ganina abin da ya riƙe ta shi ne kotuna, rajistar haraji da ma'aikatan da suka ci gaba da aiki ko da sarki ya yi rauni, har zuwa 1922.