Titin zoben Legas da fulotin da ake tallata maka a bayan Ikorodu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, shekarata goma sha tara a Legas. Wani dillali ya kai ni wajen Igbogbo, bayan Ikorodu, ya nuna min fuloti biyu. Ya ce gada ta huɗu, wadda ake shirin ginawa a kan tafkin Legas, nan za ta sauko, ita ce za ta rufe titin zoben Legas, kuma in na saya yanzu ba ni da asara: ko filin ya ninka kuɗi, ko hanya ta ci gwamnati ta biya ni diyya. Na ba da kafin alƙalami, saura in cika ƙarshen wata. Rabin kuɗin na marayun yayana ne, shi ya sa barci ya gagare ni. Wai akwai titin zobe a Legas? Ta ina ya bi? In cika ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Kafin komai, kada ka ƙara ko kwabo a kan abin da ka bayar.

Titin zobe irin wanda kake hasashe, wanda mota za ta hau ta kewaye gari ba ta shiga cikinsa ba, babu shi a Legas. Ƙasar ce ba ta yarda ba. Kano a shimfiɗe take kamar faifai, duk inda ka ja layi zai tafi. Nan kuwa teku ta tare kudu, tafki ya yi zamansa a tsakiya, arewa kuma gidaje sun daɗe da tsallakawa cikin jihar Ogun. Abin da muke da shi zobe ne na haɗe-haɗe, an yi shi gaɓa-gaɓa a hannun gwamnatoci daban-daban, kuma kai kanka ka sha bin sa ba ka san zobe kake bi ba.

Ka tashi daga ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa, ka wuce Tin Can, Mile 2, Cele, Oshodi, Anthony, Gbagada, ka iso Oworonshoki. Wannan shi ne titin Apapa zuwa Oworonshoki, an gina shi tsakanin 1975 da 1978, lokacin da kuɗin mai ya yi ambaliya. Dattawan Apapa za su ba ka labarin 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni ba wurin sauke kaya. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977, titin kuma aikinsa ya kwashe kayan tasha ya kai su bakin titin Ibadan, wanda shi ma aka buɗe a 1978, ba tare da tirela ta ratsa Surulere da Yaba ba. Daga Oworonshoki sai ka hau gada ta uku, kilomita 11.8 a kan ruwa, ka sauka Adeniji Adele a tsibiri. Shagari ya buɗe kashin farko a 1980, Babangida ya buɗe ta gaba ɗaya a 1990. Daga nan Marina, Apongbon, gadar Eko, Ijora, ka ga kanka a Apapa inda ka faro.

Shekara guda bayan kammala gada ta uku, a Disambar 1991, gwamnatin tarayya ta tattara ta koma Abuja, kuma a ganina hankalinta ma ya bi ta. Gari ya ci gaba da fashewa har ya haɗiye titin, kamar yadda Kaduna ta haɗiye baifas ɗin Nnamdi Azikiwe. Hanyar da aka yi don kauce wa gari yau ita ce tsakiyar gari. Sai a 2018 aka fara sake zuba ta da kankare, kamfanin Dangote ya ɗauki nauyi a madadin harajin da zai biya, Tinubu ya buɗe a 2024.

Gada ta huɗu ita ce aka ƙudurta ta zama zobe na waje. A takarda za ta taso daga Abraham Adesanya a Ajah, ta haye tafki ta faɗo wajen Baiyeku, ta ratsa ƙasar Ikorodu, ta je ta haɗe da titin Ibadan, kusan kilomita 37. Bukatarta a fili take, domin tashar Lekki da matatar Dangote da aka buɗe a 2023 duk suna can gefen Ajah. Amma an rattaba hannu a kanta a 2016 zamanin gwamna Ambode, aka soke yarjejeniyar a 2017, aka zaɓi wani rukunin kamfanonin Sin da zai gina ta a ƙarshen 2022. Ka ga dillalinka bai ƙirƙiri gadar ba. Ya ɗauki gaskiya kaɗan ya lulluɓe ƙarya babba da ita.

Ƙaryar ita ce wannan magana ta "ko hanya ta ci za a biya ka". Wallahi na gaji da jin ta. A Agege na ji ta, a Alaba Rago na ji ta, a Idi-Araba na ji ta a bakin mutumin da ya fi ni karatu. Ta cinye dukiyar mutanenmu fiye da gobarar kasuwa, don gobara kowa na ganin hayaƙinta a kawo gudummawa, wannan kuwa wanda ta ci shiru yake yi saboda kunya.

Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda aka cusa cikin tsarin mulki, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Ni da kai izinin zama muke da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan izini don aikin jama'a, kuma hanya tana sahun gaba. Sashe na 29 shi ne na diyya, kuma shi ne wanda dillalai ba sa so ka karanta: ana biyan abin da ka ɗora a kan ƙasa, wato gini ko amfanin gona. Ita ƙasar kanta, abin da doka ta tanada shi ne kwatankwacin kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke. Ba miliyoyin da ka ƙirga wa dillali ba. To fuloti biyu na ciyawa, me ka ɗora a kai da za a ƙiyasta?

Na san abin da za a ce maka na gaba, don kullum shi ke biyowa: to ka yi sauri ka kafa harsashi, ka ja katanga, a samu abin biya. Wannan ta fi ta farko muni. Diyya haƙƙin wanda aka samu da izini ne lokacin da gwamnati ta karɓe filin. In an riga an karɓe, an ware wa hanya, sannan ka zo ka saya a hannun iyalin da ba su da sauran iko a kai, a idon doka kai mai kutse ne. Abin da ke tsakaninka da gwamnati shi ne jan fenti a bango da katafila. In an ba ka wani abu, tausayi ne ko siyasa, ba abin da za ka je kotu ka nema ba ne. Kuma filin da aka ware wa aiki ba ya gyaruwa, ko wa ka sani a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas. Duk wanda ya ce kawo kuɗi zai fitar maka da takardar mallaka a kai, cin ka zai yi karo na biyu.

Bara waccan wani dattijo mai sayar da shanu ya zo ofishina da wata baƙar leda, ya warware ta a hankali kamar mai fito da layar gado. Rasit ne na iyalin masu ƙasa, da hatimi mai shuɗin tawada, da dangwalen yatsa huɗu, sai takardar safiyo da aka yi wa hoto har lambobin turakun sun dusashe. Ya riga ya kai ginin linta. Da na ɗora lambobin a kan taswira, ɗakunansa uku suna zaune daram a tsakiyar layin hanya. Na juya masa kwamfutar ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ai ban ga kwalta a wurin ba." Haka ne, babu kwalta, akwai rogo da bishiyar kwakwa. Hanya takan yi shekara ashirin a takarda kafin ta sauko ƙasa, kuma duk tsawon shekarun nan filin nata ne. Su 'yan omo-onile, wato iyalan masu ƙasar da ke sayar da filaye, sun san haka sarai, shi ya sa suke karya farashi su neme mu, mu baƙi masu kuɗi a hannu da ƙyamar zuwa ofis.

Wannan ƙyamar ita ke ba ni haushi. Mutum zai kwana yana ciniki a kan kwandon tumatir, ya zazzage shi har ƙasa ya ga ko an yi masa cushe, amma a fili sai ya sayi kifi a ruwa don dillali ɗan garinsu ne, tare suke sallar Juma'a. Ni ban ce ɗan garinku macuci ne ba. Sau da yawa shi ma bai sani ba, la'adarsa kawai yake hange. Rashin saninsa ba zai dawo maka da kuɗi ba.

Ba kuma na wanke gwamnati. Zanen gada ta huɗu an sha sauya shi don rage gidajen da za a rushe. Titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 ya kauce wa tsohon layinsa a wasu wuraren, har masu takardu suka wayi gari da rusau, wurin shaƙatawa na Landmark ma bai tsira ba. Neman bayani a ofis kuma sai ka yi safa da marwa, a ce maka fayil yana teburin wane. Duk gaskiya ne. Amma ka duba abin da hakan ke nufi gare ka: in mai cikakkiyar takarda yana kuka, mai rasit ɗin iyali ina zai sa kansa? Kuma in layin da injiniyoyi suka zana yana motsi, wane ne dillali da zai tsaya cikin ciyawa ya nuna maka da baki ya ce nan gada za ta sauko?

Ko da filin ya tsira daga layin, kada ka yi wa rogo kallon kitse. Babban titi irin wannan ba ko'ina ake hawansa ba, sai a mahaɗa. Filin da ke kusa da mahaɗa shi ke tsada. Wanda ke jikin titi nesa da mahaɗa, rabonsa ƙara da ƙura da ruwan da kwalbati zai juyo masa. A titunan tarayya ma, mita 45.72 daga tsakiyar titi kowane gefe na hanya ne, ko ka ga shaguna a wurin.

Ga abin da za ka yi kafin ƙarshen watan. Ka ɗauki safiyo mai rajista, naka na kanka, ba wanda dillali zai kawo ba. Ku je filin tare, ya ɗauki lambobin kusurwoyin a gabanka, kada ya kwafa daga takardar da aka ba ka, domin ana ɗauko lambobin wani fili mai lafiya a manna wa marar lafiya. A kai ofishin babban safiyon jiha a Alausa a duba, a ba ka amsa a rubuce: filin a sake yake, ko gwamnati ta karɓe, ko an ware shi wa aiki. In masu filin sun ce gwamnati ta sakar musu, su kawo lambar gazet, wato mujallar gwamnati da aka buga sanarwar sakin a ciki, a tabbatar fulotinka yana cikin abin da aka saki, ba a maƙwabtansa ba. "Ana kan hanya, an kusa sa hannu" ba takarda ba ce. Sannan lauya ya bincika rajistar filaye, ya kuma tabbatar shugaban iyalin da manyansu ne ke sayarwa, ba wani yaro a cikinsu ba.

Kuɗin marayu kuwa, Alhaji, ka fi ni sanin abin da Alƙur'ani ya ce a kan kusantarsa sai ta hanya mafi kyau, kuma filin da ribarsa ta dogara ga a rushe shi bai shiga wannan sahu ba. Ka cire rabonsu daga cinikin nan tun yau, ko sakamakon bincike ya zo da kyau. Ka kira dillalin ka ce safiyonka zai zo ranar Asabar, cikon kuɗi sai amsar Alausa ta fito. In ya ce akwai wani Alhaji daga Kano da ke jira da kuɗi a hannu, ka ce ya sayar masa, ka nemi kafin alƙalaminka a gaban shaidun da aka bayar.