Addar Kurmi da Wuƙar Damagaram: Amsa Daga Zangon Kumasi

Tambaya daga Zinder: Assalamu alaikum 'yan'uwanmu na Gana. Ni maƙeri ne, ina kai kaya Kasuwar Dole ranar Alhamis. Addunan da ake shigo da su daga wajenku sirara ne, suna lanƙwasa su koma su miƙe, ba sa karyewa. Tawa ta ƙarfen resor ce, ta fi su kauri, amma ko ta ɓare a baki ko ta tsage. Ina matsalar take? Sannan da waɗanne wuƙaƙe Hausawan can ke aiki? Ana ɗaura wuƙa a damtse kamar nan?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Maƙera da mahauta na Aboabo da Sabon Zango ne suka haɗa baki a wannan amsa.

Ƙarfenka ba shi da laifi. Sifirin ɗin mota, wanda kuke kira resor, shi ne abin da maƙeranmu ma ke saye a Suame Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi. Bambancin yana wajen aikin da aka yi kowace adda domin shi. Ku ƙasarku fili ce da ƙaya da busasshen ice, abin da ke buƙatar gatari. Nan kurmi ne, ɗanyen haki da itatuwa masu laushi da igiyoyin daji, manomi yana wuni yana kaɗa hannu. Don haka addar nan, irin mai tambarin kada da ake yi a Tema, tsawon ruwanta santimita 45 zuwa 60 ne, kaurinta kuwa bai wuce milimita 2 da 'yan kai ba. Ba a ba ta tauri irin na wuƙar yanka. Da gangan ake barin ta da ɗan laushi, har magagari na cin ta, domin in ta sari dutse bakin ya lotsa maimakon ya ɓare, a gyara nan take a gona. Sabuwa ma ba ta zuwa da kaifi, mai ita ne ke zama ya fitar mata da baki.

Tsagewa tana da mafari uku. Na farko, tsohon sifirin ya sha nauyi shekaru, yana ɗauke da tsagar da ido ba ya gani. Ka goge shi ya yi fari kafin ka sa a wuta, ka yar da wajen ramin ƙusa na tsakiya, can tsagar ta fi ɓuya. Na biyu, duka bayan ja ya dushe. Kaurin sifirin ya kai milimita 6 zuwa 10, mayar da shi milimita 3 aiki ne mai tsawo, kuma gajiya ce ke sa mutum ya ci gaba da sauke masaba a kan ƙarfen da ya fara baƙi. Mayar da shi wuta ya fi. Na uku, wanda ya fi kashe adduna, shi ne tsoma ta a ruwa. Wannan ƙarfe na mai ne, ruwa yana sanyaya shi da gaggawar da ba ya iya ɗauka.

Bayan ka gama ƙira, ka zafafa ta ta yi ja ka bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku, jikin ƙarfen ya saki. Kada ka fitar da kaifi tukuna, bar bakin da kaurin milimita 1, in ba haka ba zai murɗe. Ka ja gawayi ya yi tsawo daidai da addar don zafi ya kama ta gaba ɗaya, kuma a inuwa, domin ranar Damagaram tana ɓoye jan ƙarfe, sai ka wuce gona da iri ba ka sani ba. Riƙe mayen ƙarfe kusa. In ya daina kama addar, zafi ya kai wajen digiri 770, sai ka ƙara kaɗan ka ɗauke. Tsoma ta a miƙe, tsini ƙasa, cikin dogon mazubin ƙarfe mai ɗauke da mai lita 5 ko fiye, wanda aka ɗan ɗumama. Motsa ta sama da ƙasa, ban da gefe da gefe. Man zai iya kama wuta, marfi ya kasance a hannu. In ta huce ka goga magagari, idan ya zame bai ci ba, ta yi tauri.

A nan ne da yawa ke tsayawa, alhali a wannan hali addar tana iya karyewa ko da faɗuwa ta yi. Dole a rage mata taurin a ranar, kada ta kwana. Goge ta ta yi haske, ka zafafa wani ƙarfe mai kauri ya yi ja, ka ɗora bayan addar a kai, ka zuba ido. Launi zai taso daga baya yana tafiya zuwa baki: ruwan ɗorawa, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Wuƙar mahauci ana tsayar da ita da bakin ya yi ruwan ɗorawa mai duhu, wajen digiri 230. Adda sai bakin ya kai shuɗi, wajen digiri 300. Da ya kai, sanyaya ta. Wannan shuɗin ne lanƙwasar da kake gani. Wajen washi kuma, in injin gurza ya sa bakin ya canja launi, ka ƙona aikinka, kaifin ba zai daɗe ba. Riƙa tsomawa a ruwa, ka ƙarasa da magagari da dutse. Bakin adda ana barin sa da ɗan tudu, ba a siranta shi kamar aska.

Batun wuƙaƙenmu, fawa na cikin sana'o'in da Hausawa suka riƙe a garin nan tun da daɗewa, har yau akwai Sarkin Fawa kuma ana jin maganarsa. Wuƙar yanka tana nan yadda kuka san ta: doguwa, miƙaƙƙiya, santimita 30 ko fiye in sa za a yanka, ba a taɓa ƙashi da ita, ana bin bakinta da farce kafin yanka don kada a sami ɓarewa, kuma ba a wasa ta a gaban dabba. Wuƙar fiɗa gajera ce mai lanƙwasa, ba ta da tsini. Amma ga abin da zai ba ɗan Damagaram mamaki, garin majema da dukawa: yawancin awaki da tumaki a nan ba a feɗe su. Babbaka ake yi, a kankare gashin da dakusasshiyar wuƙa, a wanke, a sayar da nama da fatarsa, domin haka mutanen ƙasar ke son sa a miyar fufu. Fatar shanu ma cin ta ake yi. Saboda haka wuƙar kankara ta fi wuƙar fiɗa aiki a hannun masu ƙananan dabbobi. Mai saye kuma yana son nama haɗe da ƙashi, shi ya sa kowane tebur akwai gungumen ice da adda mai nauyi ta sara. Siririyar wuƙar kilishi da kuke ji da ita ba ta da kasuwa sosai, danshin garin ba ya barin nama ya bushe yadda ake so. Tsire ne namu.

Goro, wanda shi ya kawo kakanninmu wannan yanki ta garin Salaga da ke arewacin Gana, ana tsinko kwansonsa da wuƙa mai ƙugiya a kan doguwar gora, a tsaga a hankali, don ƙwayar da wuƙa ta taɓa tana yin baƙi ta faɗi a kuɗi. Irin wannan ƙugiyar ce manoman koko ke amfani da ita. Wanzamai suna nan, sai dai yawancinsu sun koma reza da ake yarwa bayan aiki ɗaya, saboda cututtukan da ke bin jini. Wannan canji ne mai kyau, muna goyon bayansa.

Ɗaura wuƙa a damtse ba al'adar zango ba ce. Dokar ƙasa ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da dalili ba, mahauci yana naɗe wuƙaƙensa a buhu in zai tafi mayanka. Takobi irin na Buzaye, miƙaƙƙe mai baki biyu, sai a hawan sallah ko naɗin sarauta. Su Asante, masu masaukinmu, takobinsu na sarauta ne, sunansa akrafena. Ruwansa yana lanƙwasa ya yi faɗi a ƙarshe, an huda shi da zane, mariƙinsa ice ne mai dunƙule biyu da aka lulluɓe da zinariya. Da shi hakimi ke rantsuwar biyayya a gaban Asantehene, wato sarkin Asante, ana kuma fito da shi a bikin Akwasidae da ake yi duk bayan mako 6 a fadar Manhyia. 

Tsatsa ce babbar abokiyar gabarmu. Damina biyu muke yi a shekara, wuƙa in ta kwana da jini ko ruwa sai ta tashi ja. Kuben fata, wanda ke kare wuƙa a wajenku, nan riƙe danshi yake yi, don haka ba ma ajiye ta a ciki. Wankewa, busarwa, a shafa man kaɗanya. Ku kuwa matsalarku akasin haka ce: addar da ta zo daga kurmi icen ƙotarta yana da danshi, in hunturu ya buge shi sai ya tsuke, ƙusoshin su yi sako-sako, ruwan ya riƙa motsi a hannu, kuma hakan na jawo rauni. Kafin ka sayar, ɗora kowace ƙusa a kan uwar maƙera ka ƙara dakan kanta, ka shayar da icen mai. In ya riga ya tsage, cire shi ka sa busasshen icen aduwa ko ƙirya, da ƙusa uku.