Wasan waya zai iya rage kwaɗayin kayan zaƙi?

Malama, kin tambaya ko wasannin horar da ƙwaƙwalwa na rage wa manya kwaɗayin kayan zaƙi. Suna ɗan taɓukawa, amma ba kowane wasa ba. Irin wanda aka gwada hotuna yake nunawa: tuffa ta fito ki danna, cakulan ya fito ki ɗauke yatsa. Yau da gobe sai hannu ya saba dakatawa.

A binciken Natalia Lawrence na Jami'ar Exeter ta Ingila, a 2015, waɗanda suka yi wasan na minti 10 sau 4 cikin mako guda sun rage nauyin kusan giram 700. Kaɗan ne, gaskiya. Manhajar waya ta FoodT, mai irin wannan wasan, daga jami'ar ta fito. Ki gwada ta, amma ki fara ɗauke biskit ɗin nan daga kan tebur tukuna.