Kafin ka ce wa Alhaji ga firi-amf ɗin da zai saya

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni: "Maigida, Alhajin nan da ya shigo da babbar amfilifaya da manyan sifiku biyu ya ce in nemo masa firi-amf, kuɗi ba damuwa. Wanne zan ce, mai bawul, wato ƙwan gilashin nan irin na tsofaffin rediyo, ko mai tiransisto? McIntosh ko Accuphase?" Na ce ka bari sai da safe, don ba magana ce ta tsaye ba. To, jawo benci ka zauna, ɗana.

Daga sunan kamfani ka fara, shi ya sa na dakatar da kai. McIntosh suna ƙera kaya a Amurka tun 1949, Accuphase a Japan tun 1972, kuma babu na raini a cikinsu. Amma tela ba ya yanka shadda sai ya auna mai riga. Firi-amf zaune yake a tsakiya. Bayansa akwai abin da ke ba shi sauti, gabansa akwai babbar amfilifaya, kuma su biyun nan ne za su gaya maka irin wanda za ka nemo. Aikinsa guda uku ne: ya zaɓi inda sauti zai fito, ya rage ko ya ƙara, ya miƙa wa babbar amfilifaya ba tare da ya ɓata komai a hanya ba. Bai san sifika ba, sifika ba ta san shi ba.

Abu na farko, ka san me Alhaji yake kunnawa. Na'urar CD da yawancin na'urorin dijital na yanzu suna fitar da kimanin bolt 2. Babbar amfilifaya kuwa, akasarinsu bolt 1 zuwa 2 ya ishe su su kai ƙarshen ƙarfinsu. Ka ga ke nan sautin ya riga ya iso da ƙarfinsa, yawancin lokaci ragewa firi-amf yake yi. Idan ka ɗauko wanda ke ƙara 20 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarin ƙarfin sauti), wato ninki goma, ka jawo wa mutum wahala. Zai taɓa bolum kaɗan, kamar hannun agogo a ƙarfe takwas, ɗaki ya riga ya ɗauka. Kuma daidai can ƙasa ne yawancin bolum mai juyawa ke da rauni: sifikar hagu ta fi ta dama ƙara, mawaƙi ya koma gefe guda. Ga huci da za ka riƙa ji idan sifikun masu saurin ɗaukar sauti ne. Ga mai kayan dijital, 6 zuwa 12 dB ya wadatar. Ina son bolum ya yi aikinsa tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu.

Idan kuwa yana da garmaho da tarin faya-fayai, zance ya canza. Kan allura iri biyu ne, MM da MC: irin MM kimanin milibolt 5 yake bayarwa (milibolt dubu ne bolt ɗaya), yana son ƙarin 40 dB da turjiyar om 47,000 (turjiya ita ce yadda na'ura ke tare wutar da ke bi ta cikinta, da om ake auna ta). Irin MC yawanci bai fi rabin milibolt ba, sai an ninka shi sau dubu, wato 60 dB. Sannan tun wajen yanka faifai ake rage bes a ƙara tirebul, bisa tsarin RIAA na 1954, dole a samu sashen da zai mayar da su daidai. Firi-amf da yawa na zamani ba su da wannan sashe sam. Ka duba baya ka ga ko akwai ramin da aka rubuta Phono da ɗan ƙusar ɗaura wayar ƙasa. In babu, sai an sayi akwatinsa daban, ka sa wannan cikin lissafi tun yanzu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, domin nan ne ma'aikata da yawa ke faɗuwa. Kowane firi-amf yana da turjiyar fita, kowace babbar amfilifaya tana da turjiyar shiga, duka a rubuce suke cikin littafin na'ura. Ƙa'idarmu, ta shiga ta ninka ta fita aƙalla sau goma. Mai tiransisto ba ya cika ba da matsala, sau da yawa turjiyarsa ba ta wuce om 100 ba. Mai bawul yana iya kai ɗaruruwa, wani ma ya haura dubu. Kuma a bakin fitarsa akwai kafasita mai tare wutar DC, ita ce ke yanke bes idan ta haɗu da turjiya ƙarama. Ɗauki biro ka rubuta: kafasita mai 0.47 µF a gaban amfilifaya mai om 100,000, bes zai fara faɗuwa a wajen 3 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa), can ƙasa da inda kunne ke ji. Ita dai wannan kafasitar a gaban mai om 10,000, sai ya koma wajen 34 Hz. Nan kam an shiga cikin kiɗa.

Ya taɓa faruwa da ni ina da ƙuruciya a sana'ar nan. Na haɗa wa wani bawan Allah firi-amf mai bawul mai tsadar gaske da amfilifaya mai om 10,000. Ya dawo ya ce gangar ba ta da ciki. Mako biyu muna zargin sifiku, muka sauya waya, muka ja su kusa da bango, har ya fara tunanin sayar da su. Lafiyarsu ƙalau. Lambobi biyu ne ban karanta ba. Har yau abin yana damuna, domin mutumin ya yarda da ni ne ya fitar da kuɗinsa.

Za ka ji wasu na cewa a yar da firi-amf gaba ɗaya, a sa bolum tsura marar wuta. Yana yi, kuma sautinsa garau ne idan komai ya dace. Sai dai bolum mai om 10,000 turjiyar fitarsa tana kai 2,500, don haka yana son gajeriyar waya, mita ɗaya ko ƙasa, da amfilifaya mai turjiyar shiga babba. A falon Alhaji, inda amfilifayar za ta zauna nesa kusa da sifiku, ba zan ba da shawararsa ba.

Nisan nan shi ya kawo mu kan rami. Idan amfilifayar tana da ramin waya irin XLR mai ƙafa uku, nemo firi-amf mai XLR. Doguwar wayar RCA, wato irin wadda aka saba gani mai kai ja da fari, tana kwaso gurnanin 50 Hz, musamman a gidan da wayar ƙasa ba ta da kirki, ko aka jona talabijin da dikoda a layi ɗaya. XLR an yi shi ne don ya kashe irin wannan.

Bawul ko tiransisto fa? Ni ina son bawul, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da na fara jin muryar mutum ta cikin tsohon McIntosh C22, ƙirar 1963, tsigar jikina ta tashi. Amma bawul yana tsufa, yana zafi, kuma sai ka san inda za ka samu bawul irin 12AX7 ko 6922 na gaske idan ya fara huci. Ka tambayi Alhaji ko shi mai haƙurin wannan ne. Idan mutum ne da zai kunna ya manta, yara su taɓa, a ɗauke wuta a kawo sau biyar a wuni, to mai tiransisto mai kyau ya fi masa kwanciyar hankali.

Maganar wuta kada ka yi wasa da ita. Tamu bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 120 ne, na cikin gida Japan 100. Irin waɗannan suna shigowa cikin kayan gwanjo, fulogin ma wani lokaci an riga an sauya shi. Karanta rubutun baya kafin ka jona, kowane lokaci. Ka kuma duba ko firi-amf ɗin yana da rile, wato makunni mai aiki da kansa, mai rufe bakinsa na 'yan daƙiƙu idan an kunna. In babu, duk sanda janareta ya karɓa zai aika wa amfilifaya wani "dum" da ke iya ƙona ƙaramar sifikar tirebul. Ka koya wa mutanen gidan: firi-amf ake fara kunnawa, amfilifaya ta biyo baya, wajen kashewa amfilifaya ce farko.

Idan na hannu ne za a saya, juya bolum a hankali daga ƙasa har sama ba tare da kiɗa ba, kunnenka a jikin sifika. Ƙurar hunturu tana shiga ciki, sai ka ji ƙaras-ƙaras. Wannan feshi yana gyara shi. Amma idan gefe ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa, bolum ɗin ya cinye, a rage kuɗi. Taɓa kowane maɓalli, gwada kowane rami. Sannan ka sa mita a bakin fita ka tabbata babu DC.

Kada kuma ka yarda a biya kafin a gwada shi a falon, da amfilifayarsa da sifikunsa da kiɗan da ya saba ji. In za ku kwatanta biyu, daidaita ƙarfinsu da mita tukuna, domin kunne kullum wanda ya ɗara ƙara yake zaɓa, ko da kaɗan ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Anjima bayan azahar ka je gidan da takarda. Rubuto mini sunan amfilifayar da lambarta, turjiyar shigarta, bolt nawa take so, ko tana da XLR, nisan inda za a ajiye ta, da duk abin da yake kunnawa. In akwai garmaho, ɗauko hoton kan allurar. Ka dawo mu zauna da littattafan na'urorin, kai za ka yi lissafin, ni in duba.