Fata ba ta da jijiyar jiƙa, sanyi da santsi take ji

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayar da kika kawo mana, cewa yaronki ya tsare ki sai kin gaya masa me ya sa idan ruwa ya taɓa mutum yake jin ya jiƙe, alhali iska da yashi ma suna taɓa mu ba ma jin haka. Allah Ya yi masa albarka, tambaya ce mai kyau. Haka Allah Ya halicci ruwa, wannan gaskiya ne, amma yadda Ya tsara jikinmu yake gane shi akwai abin mamaki a ciki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 14 ke nan, yawancinsu a ɗakin haihuwa. Lokacin da nake ɗaliba, wata asuba cikin hunturu, na sa safar hannu ta roba na tsoma hannu a bahon da muke jiƙa almakashi da sauran kayan aiki. Nan take na ji hannuna ya jiƙe sharkaf har tsakanin yatsu. Gabana ya faɗi, domin kayan nan an karɓi haihuwa da su. Na zare safar da sauri ina neman inda ta huje. Hannuna a bushe yake ƙayau, har hodar cikin safar tana nan fari fat a tafina. Na canza wata, na sake tsomawa, na sake jin jiƙa. Wata babbar ungozoma da muke aikin dare tare ta ce min, "'Yata, safarki lafiya lau take, sanyin ruwan ne kike ji." A ranar ban gamsu ba. Sai da na yi karatu daga baya na gane gaskiyarta.

Fatar ɗan Adam tana da jijiyoyin da ke jin sanyi, da masu jin ɗumi, da masu jin taɓawa da matsi, da masu jin ciwo. Amma babu wata jijiya da aikinta shi ne gane danshi. Wasu ƙwari, kamar kyankyaso, suna da irin wannan a 'yan gashin nan biyu na kansu. Mu kuwa ƙwaƙwalwa ce take haɗa labari biyu: wuri ya yi sanyi farat ɗaya, kuma ga wani abu mai santsi yana lafe wa fata yana zamewa. Tun muna jarirai take koyon cewa idan waɗannan biyu suka zo tare, to ruwa ne. A cikin bahon nan, safar ta bar sanyi ya ratsa, ruwan kuma ya matse robar a jikin yatsuna. Saƙo biyun sun cika, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, duk da ko ɗigo bai taɓa ni ba. Ashe tun a shekarar 1900 wani masani Ba'amurke mai suna Bentley ya gwada haka, yana rufe yatsan mutum da 'yar siririyar roba yana tsomawa a ruwa, mutane suna cewa sun jiƙe.

A shekarar 2014, Davide Filingeri da abokan aikinsa a Jami'ar Loughborough da ke Ingila sun gwada matasa 13. Suna ɗora musu ƙyalle mai ruwa daidai wa daida, sai dai wani zafinsa digiri 25, wani 30, wani 35. Mai sanyin suka fi ji a jiƙe, mai ɗumin kuwa jiƙarsa ba ta kai ba a wurinsu. Sun kuma gano cewa fata mai gashi, irin ta sangalin hannu, ta fi kan yatsa saurin gane danshi.

Da na karanta wannan sai na tuna mahaifiyata. Idan shanya ta kwana a igiya lokacin sanyi, da safe za ki taɓa zani ki rasa gane ko bai bushe ba ne ko sanyi kawai ya ɗauka. Ita ba ta tsayawa a yatsa. Sai ta kara shi a kuncinta, ko ta dunƙule gefensa a hannu na ɗan lokaci. In sanyi ne kawai, yana ɗaukar ɗumin hannu shi ke nan. In da sauran laima, zai ci gaba da sanyi yana manne wa fata.

To me ya sa ruwa ya fi iska sanyaya fata, ko da a ɗaki ɗaya suke? Saman fatarmu yana wajen digiri 33, kuma ruwa yana janye zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu. Bayan haka, idan ya fara bushewa yana tafiya da ƙarin zafi, dabarar da ke sa ruwan randa ya yi sanyi, da kuma amfanin zufa a jikinmu. Sannan ruwa yana kama fata, ya bazu, ya shiga kowane layi na tafin hannu. Ki nuna wa yaron ganyen gwaza: in aka zuba masa ruwa sai ya dunƙule kamar ƙwai ya gangare, ganyen bai jiƙe ba, saboda wani abu mai kama da kakin zuma da ke samansa. Ke nan jiƙa ba a ruwa kaɗai take ba, sai abin da ya taɓa ya karɓe shi.

Abin da ya sa na tsaya na yi dogon rubutu shi ne ɗaya gefen maganar. Kamar yadda mutum zai ji jiƙa babu ruwa, haka zai iya jiƙewa bai ji sosai ba, idan abin da ya zubo ɗuminsa ɗaya da na jiki. Jini haka yake fitowa, fitsari ma haka. Na sha tambayar mai jego bayan haihuwa, "Kina jin zuba?" ta ce a'a, ga gajiya ga barci, in ɗaga zani in tarar shimfiɗa ta jiƙe jagab. Ba ɓoyewa ta yi ba, har ga Allah ba ta ji ba. Jinin da ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, a wurinmu ya zama zubar jini mai haɗari. Shi ya sa ba ma dogara da amsar baki, da ido muke dubawa. Don Allah duk wadda ke zaman jinyar mai jego, a gida ko a asibiti, ta riƙa ɗaga zani tana dubawa a awannin farko. Haka tsoho da ke kwance ba ya iya tashi, da mai ciwon sukari da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu: kada a jira sai sun ce sun jiƙe, domin danshin da ya daɗe a ƙarƙashinsu shi ke cin fata ya buɗe gyambo.

Shi kuwa yaronki, ki samo leda marar huji ki sa masa hannu a ciki, ki rufe masa ido da ɗankwali. Ki tsoma hannun a ruwan randa ki tambaye shi ko ya jiƙe. Sannan ki sirka ruwan ɗumi, wanda in kin taɓa ba za ki ji zafi ko sanyi ba, ki sake tsomawa a hankali. Daga nan ki cire ledar ki bar shi ya duba hannunsa da kansa.