Tambaya da Amsa: Ranar Hutu Daban, Rana Mai Tsarki Daban

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kafanchan. Gwamnati tana ba da hutu ranar Litinin bayan Ista da ranar 26 ga Disamba, amma Larabar Toka da ranar Hawan Yesu Sama muna bakin aiki. Wanne ne ya wajaba in kiyaye?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da aiki. Hukumomi biyu ne ke magana a nan. Ranar hutu gwamnati ce ke ayyana ta, a Najeriya ta bakin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma aiki kawai take ɗauke miki. Rana mai tsarki kuwa ikkilisiya ce ta keɓe ta domin tuna wani abu daga rayuwar Almasihu, tana kiran ki zuwa sujada. Wani lokaci sukan haɗu, kamar Kirsimeti da Juma'a Mai Kyau. Ranar 26 ga Disamba al'ada ce da muka gada daga Ingila. Kowace ƙasa kuma da tsarinta: Kamaru tana hutu ranar Hawan Yesu Sama da 15 ga Agusta, Nijar tana hutun Kirsimeti da Litinin ta Ista.

Inda mutane suke tuntuɓe shi ne lissafi, domin Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana faɗuwa ranar Lahadi ta farko bayan cikar wata na ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Da zarar kin san ranar, ki koma baya kwana 46, kin sami Larabar Toka. Idan aka cire Lahadi shida, saura kwana 40 na azumi. Idan aka fara ƙirga daga ranar Ista, Hawan Yesu Sama yana zuwa a rana ta 40, kullum Alhamis, Fentikos kuma a rana ta 50. A 2026 Ista ta faɗo 5 ga Afrilu, Larabar Toka 18 ga Fabrairu, Hawan Yesu Sama 14 ga Mayu. Tun Janairu ki rubuta waɗannan, ki nemi musanyar aiki da wuri, kada ki bari sai an manna jadawalin wata.

Batun wajibci ya danganta da ɗarikarki. Dokar Katolika ta lissafa ranaku 10 na wajibin zuwa coci ban da Lahadi, amma ta ba bishop-bishop na kowace ƙasa ikon ɗauke wajibcin wasu ko mayar da su Lahadi, don haka ki tambayi Fada na cocinku. Larabar Toka ba ta cikin goman nan, azumi ne wajibinta: cin abinci sosai sau ɗaya da ɗan taɓawa sau biyu, ga masu shekara 18 zuwa 59, babu nama daga shekara 14. Mai kula da marasa lafiya tana da uzuri idan aiki ya hana ta zuwa. ECWA da COCIN da Baftis sun fi ba Lahadi da Kirsimeti da Ista nauyi.

Abin da ya fi damun mu shi ne Juma'a Mai Kyau. Da yawa sukan kashe ta a tashar mota, alhali sujadar tunawa da gicciye ana yin ta ne wajen ƙarfe 3 na yamma. Mai tafiya gida ya tashi tun Alhamis, ko ya yi sammako ya isa kafin azahar.