Fanshon Baba bai kai na abokinsa ba: mu jira takardar gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya a 2003 bayan shekara 33. Muna zaune a Agege. Abokinsa da suka ajiye aiki a mataki ɗaya yana karɓar abin da ya fi nasa nesa ba kusa ba. Baba ya ce in da kuskure gwamnati za ta aiko da takarda. Yanzu wani ya kira shi ya ce ariyas ɗinsa ya fito, a tura naira dubu 40 a saki fayil. Ga shi kuɗin magani ya fi ƙarfinmu. Mu tura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ku tura ko sisi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Tunda ya bar aiki a 2003, kafin dokar fansho ta 2004, yana tsohon tsari ne, kuma fayil ɗinsa na hannun PTAD, hukumar tarayya mai biyan 'yan fanshon tsohon tsari, wadda ta fara aiki a 2013. Babu ruwansa da kamfanonin fansho, babu ruwansa da LASPEC da ke Alausa a Ikeja, wadda hukumar fansho ce ta ma'aikatan jihar Legas. Na faɗi haka ne domin dattawa da yawa suna ƙarar da kuɗin mota zuwa Ikeja, a ce musu ba nan ba ne.

A tsohon tsari shekara 10 na ba mutum kashi 30 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe, kowace shekara ta ƙara kashi 2, har kashi 80 a shekara 35. Shekara 33 ke nan kashi 76. In wani akawu ya rubuta shekara 30, Baba ya koma kashi 70, kuma duk ƙarin da aka yi tun daga lokacin a kan wannan gurguwar lamba aka ɗora shi. Haka in an sa shi a matakin da yake kafin ƙarin girmansa na ƙarshe. Yana yiwuwa kuma abokin nasa ya fi shi shekarun aiki ne kawai, don haka a fara gwada takardunsu biyu.

Sai maganar "za su aiko da takarda". Wannan ita ce ke cinye haƙƙin 'yan fansho fiye da komai, kuma na gaji da jin ta. A masallatan Agege da Idi-Araba, a rumfunan Mile 12, dattijo zai ce maka ai gwamnati ta san da shi. Ta san sunansa a jerin biya, shi ke nan. Kwamfutar da ke turo kuɗi duk wata tana maimaita abin da aka shigar mata ne, daidai ko kuskure. Ko an sake lissafi an gano an tauye mutum, sau da yawa alat kawai zai gani, ba bayanin daga wace shekara aka lissafa. Wa ya san ko an biya shi duka? Adireshin da ke fayil ɗin Baba ma na ofishin da ya bari sama da shekara 20 da suka wuce ne.

Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dubu 30 a 2019, zuwa dubu 70 a 2024. 'Yan fansho nawa aka rubuta wa cewa ga ƙarinka, ga yadda aka lissafa? Wannan shirun laifin gwamnati ne, kuma shi ne kasuwar 'yan damfara. Mutum ya shekara goma yana jiran kira, ranar da waya ta yi ƙara aka ambaci sunansa da tsohuwar ma'aikatarsa, me zai hana ya yarda? PTAD ta sha sanarwa cewa ba ta karɓar kuɗi don biyan kowa. Wanda ya nemi na goro, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta waya, ɓarawo ne, ko da hularsa ta kai ta liman.

Ki haɗa takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta ritaya, takardar tantance 'yan fansho, da bayanan asusun banki na aƙalla wata 6. Ki rubuta koke da sunan Baba, ki nemi a ba ku takardar lissafin fanshonsa, a kai ofishin PTAD na Legas. A buga hatimi da kwanan wata a kwafinku, takardun asali kuma su dawo gida. Ki sanar da reshen ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, kyauta ce, bayanta sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ki kuma duba wanda Baba ya rubuta a matsayin magajinsa a fayil. Allah ya ja kwana, amma ariyas ba ya mutuwa da mai shi, haƙƙin magada ne, kuma gyara suna yanzu da sa hannunsa ya fi sauƙi.